ZAUREN SANI: Ina Intanet Take, Kuma Me Ya Haɗa Ta Da Kwamfuta?

A wannan karo za mu tsaya a kan wani abu da ya shiga kowane gida a unguwarmu ba tare da ya yi sallama ba, wato hanyar sadarwa ta intanet.

Abin da ya jawo wannan magana shi ne tambayar da wani dattijo, ɗaya daga cikin iyayenmu a nan Nyékonakpoè, ya yi mini muna zaune a ƙofar gidansa bayan la'asar. Ya tuna mini da ranar 14 ga watan Maris na shekarar 2024, a makon farko na azumi, lokacin da 'ya'yansa da ke Ankara da Abijan suka yi shiru, saƙo ba ya zuwa, kira ba ya shiga, har hankalin mutanen gida ya tashi. Daga baya aka ji a rediyo cewa wasu wayoyi ne suka tsinke a cikin teku. Sai ya dube ni ya ce: "Kai ɗana, ku da kuka yi boko, ku gaya mana gaskiya. Mu mun ɗauka abin nan a iska yake tafiya. Me ya kai shi cikin ruwa?"

Na amsa masa da cewa: "Baba, tambayar nan ta fi ƙarfin zama ɗaya, amma zan rubuta amsarta, jikokinka su karanta maka." To ga cika alkawari. Dalilin da ya sa na ga ya dace kowa ya ji amsar shi ne, a yau kuɗinmu da sirrin gidajenmu da karatun 'ya'yanmu duk suna bi ta wannan hanya, kuma matafiyin da bai san hanya ba shi ne abincin ɗan fashi.

Da farko, mece ce kwamfuta?

Kafin a gane intanet sai an gane kwamfuta, wadda ake kira na'ura mai ƙwaƙwalwa, Faransawa kuma suke ce mata ordinateur. Aikinta guda huɗu ne: tana karɓar bayani, tana sarrafa shi bisa umarnin da aka rubuta mata, tana adana shi, sannan ta fitar da sakamako. Jerin umarnin da take bi shi ake kira manhaja. Ya kamata mai karatu ya sani cewa wayar salula ta zamani da ke aljihunsa ita ma kwamfuta ce cikakkiya, domin duk waɗannan ayyuka huɗu tana yin su, ƙanƙantar jikinta ce kawai ta sa muke raina ta.

Kwamfuta ba ta san Hausa ba, ba ta san Faransanci ko Larabci ba. Abu biyu kaɗai ta sani: akwai wuta, ko babu wuta, waɗanda ake rubutawa da 1 da 0. Kowane harafi, kowane hoto, kowace murya, sai an mayar da su jerin waɗannan alamomi biyu kafin na'ura ta iya riƙe su. Alama takwas idan sun haɗu su ne ma'auni guda da ake kira octet da Faransanci, kuma shi ne wurin da harafin boko ɗaya yake ci. Haruffanmu masu lanƙwasa, wato ɓ da ɗ da ƙ, da kuma haruffan Larabci da muke rubuta ajami da su, kowannensu ma'auni biyu yake ci a tsarin da aka fi amfani da shi. Tsarin da ya ba haruffan harsunan duniya lamba, wanda ake kira Unicode, ya fara fitowa a shekarar 1991, kuma albarkacinsa ne wannan shafi yake fitowa da haruffansa daidai.

Ma'auni miliyan ɗaya shi ne mega, mega dubu kuma shi ne giga. Waɗannan su ne kalmomin da muke ji kullum idan mun je sayen forfait. Rubutu ba ya cin wuri sosai, murya ta fi shi ci, hoto mai motsi kuwa shi ne babban maciyi. Littafi sukutum na rubutu zalla bai kai nauyin bidiyon minti ɗaya ba. Wanda ya gane wannan ya gane inda kuɗin katinsa yake zurarewa.

To, mece ce intanet?

Idan aka haɗa kwamfuta biyu ko fiye domin su yi musayar bayani, an sami abin da muke kira rezo. Banki yana da nasa, jami'a tana da nata, kamfanin waya yana da nasa. Intanet ita ce haɗuwar waɗannan rezo dubu-dubai na duniya, bisa yarjejeniyar cewa kowa zai yi magana da ƙa'ida iri ɗaya. Ba ta da mai ita guda ɗaya, ba ta da hedkwata. Kowane kamfani ko hukuma na riƙe da nasa yanki na hanya, sannan ya ƙulla da na maƙwabcinsa.

Mu zuriyar fatake ba za mu sha wahalar fahimtar yadda take aiki ba. Kakanninmu sun yi ɗaruruwan shekaru suna ɗauko goro daga Gwanja, daga kasuwar Salaga, su bi ta Sansanin Mango da Jugu da Nikki har su isa Sakkwato da Kano. Ba a ɗora wa jaki ɗaya kayan attajiri gaba ɗaya. Akan rarraba shi huhu-huhu, kowane huhu da alamar mai shi, ayari ya tashi daga wannan zango ya sauka a wancan. Idan aka ji labarin kogi ya cika ko 'yan fashi sun tare hanya, sai madugu ya karkata ta wata.

Haka saƙo yake tafiya a intanet. Idan uwargida ta aika hoton jariri ga 'yar'uwarta a Maraɗi, wayarta za ta yayyanka hoton zuwa ƙananan ƙunshi masu yawa. Kowane ƙunshi yana ɗauke da adireshin inda ya fito, da na inda za shi, da lambar da ke nuna matsayinsa a cikin jeri. A kan hanya akwai na'urori masu rarraba saƙo, waɗanda su ne zangon wannan tafiya. Kowace na'ura za ta duba adireshi, ta miƙa ƙunshin ga na'ura ta gaba da ta ga ta fi dacewa a wannan lokaci. Ƙunshi biyu na hoto ɗaya suna iya bin hanya daban-daban. Idan sun isa, na'urar da ta karɓa za ta jera su bisa lambobinsu, in ta tarar ɗaya ya ɓace sai ta nemi a sake turo shi. Ƙa'idojin da suka tsara wannan aiki su ake kira TCP/IP.

Adireshin kowace na'ura lamba ce. Tsohon tsarin lambobin yana da gurbi kusan biliyan 4.3, kuma da na'urori suka yawaita sai babban rumbun lambobin ya ƙare a shekarar 2011, shi ya sa ake ta komawa sabon tsari mai faɗi da ake kira IPv6. Da yake ɗan'adam ya fi riƙe suna a kan lamba, sai aka ƙirƙiro wani kundi da ke fassara suna zuwa lamba, wanda ake kira DNS. Aikinsa kamar na mai unguwa ne: baƙo ya zo da sunan mutum, shi kuma ya nuna masa ƙofar gida. Kowace ƙasa tana da alamarta a ƙarshen suna: Togo tana da .tg, Nijar .ne, Nijeriya .ng, Gana kuma .gh.

Taƙaitaccen tarihi

Asalin abin daga Amurka ne, a wani shiri na ma'aikatar tsaron ƙasar mai suna ARPANET. A wancan zamani kwamfuta takan cika ɗaki guda, tsadarta kuma ta sa jami'o'i ƙalilan ne suke da ita, don haka aka nemi hanyar da masani zai yi amfani da na'urar da ke wani gari ba tare da ya yi tafiya ba. Ranar 29 ga watan Oktoba na 1969 aka aika saƙo na farko daga jami'ar Kalifoniya da ke Los Anjeles zuwa cibiyar bincike ta Stanford. Haruffa biyu kacal suka isa, L da O, sai na'urar ta tsaya. A ƙarshen wannan shekara wurare huɗu ne kawai aka haɗa.

A 1971 wani injiniya mai suna Ray Tomlinson ya aika wasiƙar i-mel tsakanin kwamfuta biyu, shi ne kuma ya zaɓi alamar @ da muke gani a kowane adireshi. A 1974 Vinton Cerf da Robert Kahn suka wallafa tsarin da ya zama TCP/IP, kuma ranar 1 ga watan Janairu na 1983 ARPANET ta koma kan wannan tsari, ranar da masana da yawa suke ɗauka a matsayin ranar haihuwar intanet.

Duk da haka, abin ya ci gaba da zama na malaman jami'a da sojoji har sai da wani Bature ɗan Ingila, Tim Berners-Lee, wanda ke aiki a cibiyar binciken kimiyya ta CERN kusa da birnin Janeba, ya kawo shawara a 1989 ta yadda za a riƙa ajiye shafuka masu ƙulle da juna, mutum ya taɓa kalma a wannan shafi ta kai shi wancan. Wannan ita ce yanar gizo. A watan Afrilu na 1993 cibiyar ta saki fasahar kyauta ga kowa, daga nan abin ya bazu kamar wutar daji.

A nan akwai kuskuren da ya kamata a gyara. Mutane da yawa suna ɗaukar yanar gizo ita ce intanet, wasu ma suna zaton Facebook ko WhatsApp su ne intanet. Intanet ita ce titi, sauran kuwa motoci ne da shaguna da ke kan titin. Google ya zo a 1998, Facebook a 2004, YouTube a 2005, WhatsApp a 2009. Dukansu kamfanoni ne na kasuwanci da suka tarar da titin a shimfiɗe. Ƙungiyar sadarwa ta duniya, ITU, ta ƙiyasta cewa a shekarar 2024 mutane kusan biliyan 5.5 ne suke amfani da intanet, wato kashi 68 cikin 100 na al'ummar duniya, amma a nahiyar Afirka adadin bai wuce kashi 38 cikin 100 ba.

Daga Nyékonakpoè zuwa ƙarƙashin teku

Yanzu mu koma kan tambayar Baba. Gaskiya ne cewa saƙo yana tashi daga waya ta cikin iska, amma tafiyarsa a iska gajera ce ƙwarai, ba ta wuce zuwa doguwar eriyar kamfanin waya da ke kusa da unguwa, ko ƙaramin akwatin wifi da ke cikin ɗaki. Daga can galibi sai ya shiga wayar da aka binne a ƙasa, wadda a cikinta akwai zaren gilashi siriri kamar gashin kai. A cikin wannan zare saƙo yana tafiya ne a matsayin walƙiyar haske, da gudun kusan kilomita 200,000 a sakan ɗaya. Idan zai ƙetare zuwa wata nahiya sai ya shiga wayoyin da aka shimfiɗa a ƙasan teku, waɗanda a wurare masu zurfi kaurinsu bai fi na tiyon ban-ruwa ba. Fiye da kashi 95 cikin 100 na bayanan da ke ƙetare tekuna ta nan suke bi. Tauraron ɗan'adam yana da nasa amfani, musamman a ƙauyuka masu nisa, amma kasonsa kaɗan ne.

Ƙasarmu Togo tana da daɗaɗɗen tarihi a harkar sadarwa mai nisa. Jamusawa sun gina babbar tashar wayar iska a Kamina, kusa da Atakpamé, wadda take magana kai tsaye da garin Nauen na Jamus, nisan fiye da kilomita 5,000, kuma su da kansu suka rushe ta a watan Agusta na 1914 don kada ta faɗa hannun Ingilishi da Faransawa. Intanet kuwa ta buɗe ga jama'a a nan Lome a shekarar 1997, kuma kamfanin CAFE Informatique na Jean-Marie Noagbodji yana cikin waɗanda suka share fage. Ɗaya daga cikin injiniyoyin da suka yi wannan aiki, Adiel Akplogan, shi ne ya zama shugaba na farko na AFRINIC, hukumar da ke raba lambobin intanet ga nahiyar Afirka baki ɗaya, ya riƙe ta har 2015. Manyanmu na yanzu ba su manta da zamanin shagunan siba ba, lokacin da ake biyan kuɗin awa guda, rabinta ta ƙare wajen jiran shafi ɗaya ya buɗe.

A 2012 wayar teku mai suna WACS ta fara aiki. Tsawonta ya kai kimanin kilomita 14,500 daga Afirka ta Kudu zuwa Ingila, kuma reshenta ya fito a Afidégnigba, gabas da Lome. Ita ce ta fara haɗa Togo da duniya kai tsaye ta cikin teku. Bayan shekara goma, a watan Maris na 2022, waya ta biyu mai suna Equiano, mallakar kamfanin Google, wadda ta taso daga Fotugal za ta Afirka ta Kudu, ta sauka a Lome, kuma nan ne zangonta na farko a gaɓar nahiyar Afirka, kafin ta isa Legas.

Abin da ya faru ranar 14 ga Maris na 2024 shi ne wayoyi huɗu, wato WACS da ACE da SAT-3 da MainOne, sun lalace a lokaci guda a cikin teku daura da gaɓar Kodebuwa, kuma an danganta lamarin da zaftarewar ƙasa a ƙarƙashin ruwa. Kodebuwa da Laberiya da Benin da Gana da Nijeriya sun ji jiki, bankuna da 'yan kasuwa suka tsaya cik, gyaran kuma ya ɗauki makonni domin sai da jiragen ruwa na musamman suka zo suka ciro wayoyin. A Togo abin bai yi tsanani haka ba, saboda Equiano ba ta cikin waɗanda suka tsinke. Wannan ita ce hikimar madugu da muka ambata: ayarin da ya san hanya biyu ba ya kwana a bakin kogi.

Haka nan kuma titin yana da ƙofofi, kuma ƙofa tana rufuwa da hannun mutum. A watan Satumba na 2017 an katse intanet a ƙasar nan na wasu kwanaki lokacin zanga-zangar siyasa, kuma a watan Yuni na 2020 kotun ƙungiyar CEDEAO ta yanke hukunci cewa katsewar ta saɓa wa 'yancin faɗar albarkacin baki. Duk wanda cinikinsa ya dogara da waya ya san asarar da aka yi a waɗannan kwanaki.

Yadda intanet ta sauya aikin kwamfuta

A da, kwamfuta kamar gida ne mai katanga, abin da ke cikinta kaɗai take da shi. Wanda yake son sabuwar manhaja sai ya sayo faifai, wanda yake son kai wa abokinsa takarda sai ya kwafa ya ɗauka da hannu. Intanet ta sauya wannan ta fuskoki uku.

Na farko, ajiya. Hotuna da wasiƙu da lambobin waya da yawa ba a cikin na'urarmu kaɗai suke ba, suna can a wasu manyan gine-gine cike da dubban kwamfutoci da ba a kashe su dare da rana. Wannan shi Faransawa suke kira nuage, wato gajimare, alhali kuwa gini ne na siminti mai cin wutar lantarki, mai ƙofa da mai gadi, a ƙasar da ke da dokokinta. A nan Lome ma an buɗe irin wannan cibiya, Lomé Data Centre, a shekarar 2021, domin a riƙa ajiye wasu bayanan ƙasa a cikin gida.

Na biyu, aiki. Idan ɗalibi ya nemi fassara daga Faransanci zuwa Hausa, ko ya tambayi hanyar zuwa Sokode a taswira, ko ya yi hira da manhajojin nan na ƙirƙirarriyar basira irin su ChatGPT da ya fito a ƙarshen 2022, galibin lissafin ba wayarsa ce take yi ba. Wayar tana aika tambaya, manyan kwamfutocin can su yi aikin, su dawo da amsa. Wannan ne ya sa waya mai araha take iya abin da babbar kwamfuta ta shekara talatin da suka wuce ba ta iyawa, shi ne kuma ya sa idan rezo ya ɗauke sai ta zama kamar fitilar da ba mai.

Na uku, gyara da sabuntawa. Masu ƙera manhaja suna gano ɓaraka a cikinta lokaci zuwa lokaci, sai su turo gyara ta intanet. Saƙon nan na mise à jour da muke yawan turewa gefe saboda tsoron cin mega, sau da yawa toshe ramin da ɓarawo zai shigo ne.

Sai dai a lura, ba duk abin da waya take yi ba ne yake bi ta intanet. Kira na yau da kullum, da gajeren saƙo, da lambobin nan masu farawa da tauraro su ƙare da alamar tsani, duk suna bi ne ta rezon kamfanin waya. Shi ya sa shirin tallafi na Novissi da gwamnati ta buɗe a watan Afrilu na 2020, lokacin annobar korona, ya iya isa ga masu ƙananan wayoyi ta lambar *855#, kuɗin kuma ya shiga ta Flooz da TMoney, wadda aka sauya wa suna zuwa Mixx by Yas a 2024.

Kada kuma mu ɗauka cewa rabonmu a wannan fage shi ne saye kawai. A 2013, a wata cibiyar matasa mai suna WoeLab a nan Lome, Afate Gnikou ya harhaɗa na'urar da ke ƙera abubuwa da narkakken roba daga tarkacen tsofaffin kwamfutoci, labarinsa ya zaga duniya. Yaron da muke gani yana kwance waya a Dékon yana iya zama injiniyan gobe, idan ya sami mai riƙe hannunsa.

Abin da ya rage ga magidanci da uwargida

Sanin yadda abu yake aiki ba shi da amfani idan bai sauya yadda muke riƙe shi ba. Ga wasu abubuwa da nake ganin kowane gida ya kamata ya kiyaye.

Na ɗaya, lambar sirri amana ce. Lambar asusun kuɗi na waya, da lambobi shida da WhatsApp yake turowa idan za a buɗe shi a sabuwar waya, ba a faɗa wa kowa, ko da mai kiran ya ce daga kamfani yake, ko ya ambaci sunan mahaifinka. Kamar yadda muka gani, na'ura lamba take ganewa, ba ta gane fuska. Duk wanda ya riƙe lambarka, a wurin na'ura shi ne kai, kuma zai iya bin 'yan'uwanka ɗaya bayan ɗaya yana roƙon kuɗi da sunanka. Idan saƙon neman taimako ya zo daga ɗan'uwa, a kira shi a ji muryarsa kafin a tura ko dala ɗaya.

Na biyu, abin da aka aika ya fita daga hannu. Magana zarar bunu ce, hoto kuma ya fi ta. Aikin kwamfuta shi ne kwafi, kuma hoton da ya isa waya goma ya zama goma, ba mai iya tattaro su. Iyaye mata su jawo 'yan matanmu a jiki su fahimtar da su wannan cikin hikima tun kafin a yi da-na-sani, samari ma haka.

Na uku, titi ba ya tantance kaya. Na'urorin da ke kan hanya adireshi suke dubawa, ba ruwansu da ko abin da ke cikin ƙunshin gaskiya ne ko ƙarya. Labarin rasuwa, da maganin da aka ce yana warkar da kowace cuta, da muryar da aka jingina wa wani malami, duk gudu ɗaya suke yi da labarin gaskiya. A yau ma ana iya ƙirƙirar murya da hoton mutum yana faɗin abin da bai taɓa faɗa ba. Tarbiyyarmu ta riga ta koya mana bincike kafin yaɗa labari, kuma wannan ladabi bai faɗi ba don labarin ya zo ta waya.

Na huɗu, kyauta tana da dalili. Yawancin dandalin da ba a biyan kuɗin shigarsu da talla suke rayuwa, don haka an tsara su ne domin mutum ya daɗe a ciki, kuma suna tattara bayanin abin da yake kallo. Togo ta kafa dokar kare bayanan mutane a 2019, amma doka ba za ta shigo ɗaki ta karɓe waya daga hannun yaro da ƙarfe ɗaya na dare ba. Wannan aikin mai gida ne. A sa lokaci, a ajiye wayoyi wuri ɗaya idan an zo cin abinci da lokacin barci, kuma babba ya fara nuna misali.

Na biyar, kada tsoro ya hana mu amfani. Ɗalibinmu na jami'ar Lome yana iya karanta littafin da babu shi a duk ɗakunan karatu na garin nan. 'Yar kasuwar da ke sayar da atamfa a Asigame tana nuna wa mai saye a Yamai ko Kumasi kaya kafin ya biya kuɗin mota. Harshenmu ma yana da Wikipedia tasa, wadda 'yan sa-kai suke rubutawa, kuma akwai gurbi a cikinta ga duk wanda zai rubuta tarihin Hausawan Togo, tun daga tsohon Zongo na tsakiyar gari da aka tasa a 1977 har zuwa Agoè da sauran unguwanninmu. Idan mu ba mu rubuta ba, wani zai rubuta mana yadda ya ga dama.

To Baba, ga amsar tambayarka. Saƙon jikokinka yana tashi a iska zuwa eriya, ya bi ta ƙarƙashin ƙasa, ya nutsa cikin tekun nan da muke jin rurinsa da dare, ya fito a wata gaɓa. Mutane ne suka shimfiɗa hanyar, mutane ne suke gyara ta, kuma tana tsinkewa kamar kowace igiya. Saboda haka a rubuta lambobin 'yan'uwa a takarda a ajiye, a kuma bar ɗan kuɗi a hannu saboda ranar da rezo zai ɗauke.

A fitowa ta gaba, in Allah ya kai mu, za mu duba yadda ake zaɓen wayar hannu ta biyu a kasuwa, da abin da ya kamata a goge kafin a sayar da tsohuwa. Mai tambaya ko gyara yana iya miƙa takardarsa ga masu rarraba wannan mujalla. Allah ya tsare mana zuriyarmu da dukiyarmu, ya ba mu ilimi mai amfani.